Kyau Halitta ne ko Al'ada? Sharhi kan Binciken Masana bisa Ma'aunin Hausar Yauri

Tun shekara ta 1871 masanan Turai suke jayayya kan wata tambaya wadda kowace tsohuwa mai kitso take da amsarta: shin abin da ke sa a dubi mutum a ce kyakkyawa ne, da shi ake haihuwar idon ɗan Adam, ko kuwa koyonsa ake yi kamar yadda ake koyon gaisuwa da ɗaurin zane? Jayayyar ta shafi masu tsara karatun manya fiye da yadda ake zato, domin kalmomin da ake yin ta da su, irin su beauté da maigreur da obésité, su ne ake juyawa daga Faransanci zuwa Hausa cikin takardun kiwon lafiya da littattafan yaƙi da jahilci. In fassarar ta karkace, darasin ya karkace.

Wannan sharhi ya ɗauki manyan ayyukan da masu cewa kyau gadon halitta ne suka dogara da su, ya auna su da kalmomin da Hausawa ke magana da su kan kyau, musamman a ƙasar Yauri da ke yankin Matamaye, cikin jihar Damagaram. Ƙasa ce ta manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, mai yawan jama'a da itatuwan gawo, kusa da iyakar Nijeriya ta wajen Daura. Hanyar motar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Matamaye da Ɗan Barto ta nufi Kano tana kawo mata kaya da yayi, saboda haka ma'aunin ƙauye da ma'aunin birni suna zaune a kasuwa ɗaya.

Daga Darwin zuwa Buss

Charles Darwin, wanda ake jingina wa ra'ayin halitta, bai faɗi abin da magadansa suka zo suna faɗa ba. Cikin littafinsa na 1871 kan asalin ɗan Adam ya nuna cewa bayan zaɓen da yanayi ke yi wa dabbobi, akwai wani zaɓe da mace ke yi wa namiji, wanda shi ne ya bar wa ɗawisu wutsiyar da ba ta da amfani wajen gudu ko neman abinci. Amma da ya zo kan mutane, sai ya tara labaran matafiya, har da na Mungo Park wanda matan sarkin Bundu suka yi wa ba'a saboda farin fatarsa da tsinin hancinsa, ya yanke cewa babu ma'auni ɗaya na kyan jiki da dukan ƴan Adam suka yi tarayya a kansa. Raunin hujjar tasa a fili yake: labari ne na baƙi masu wucewa, waɗanda suka ji ta bakin tafinta, ba kuwa wanda ya tsaya ya tambayi tafintan wace kalma ce ya juya. Wannan rauni ya daɗe yana bin fannin.

Aikin da ya juyar da akalar jayayyar shi ne na David Buss, Ba'amurke, wanda ya fito a 1989. An rarraba takardar tambayoyi ga mutum 10,047, cikin rukuni 37 a ƙasashe 33, aka ce kowa ya ba halaye 18 maki daga 0 zuwa 3 bisa ga nauyinsu wajen zaɓen abokin aure. Kusan ko'ina maza sun fi mata ba kyan sura nauyi, sun kuma fi son matar da suka girma. Buss ya fassara wannan da cewa ƙuruciya da kyan sura alamun haihuwa ne, watau kakannin da suka kula da alamun su ne suka bar zuri'a.

Aiki ne babba, ba a kuwa musun abin da ya gano. Sai dai akwai abubuwa da ya kamata mai karatu ya riƙe. Daga Afirka an sami mutane a Nijeriya da Zambiya da Afirka ta Kudu kaɗai. Nijar ba ta ciki. Buss da kansa kuma ya yarda cewa mutanen karkara da marasa ilimin boko sun yi ƙaranci cikin waɗanda aka tambaya. Wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai: a 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa sun jawo hankali ga cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam suka yi gwaji da su sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 cikin ɗari na jama'ar duniya. Sa'an nan takardar ta auna nauyin kyau ne, ba ta tambayi mene ne kyan ba. Mutum biyu suna iya ba shi maki 3, ɗaya yana tunanin siririya, ɗaya yana tunanin wadda ta cika zane. A wurin da iyaye ke da babbar murya cikin auren fari kuwa, abin da saurayi ya rubuta a takarda dabam, wadda aka kai masa ɗaki dabam.

Kalmar kanta

Da a ce an kawo takardar Buss Yauri, da matsalar farko ita ce kalmar da za a sa a layin kyan sura. A dubi waɗannan:

(1) Yarinyar nan tana da kyau.
(2) Geron bana ya yi kyau.
(3) Zagin na gaba ba kyau.
(4) Kyan alkawari cikawa.

Faransanci zai nemi kalma dabam ga kowace jimla, Hausa kuwa guda ta yi amfani da ita: sura a (1), albarka a (2), ladabi a (3), abin da ya dace a (4). Daga wannan saiwa ne kyauta da kyautatawa da ya kyautu suka fito. Bahaushen da aka tambaya ko yana son mace mai kyau, tambayar banza aka yi masa, don ba wanda zai ce yana son marar kyau. Dole mai fassara ya ƙara wata kalma, ya ce kyan fuska, ko kyan diri, ko kyan hali, da zarar ya ƙara kuwa ya riga ya zaɓa wa mai amsa abin da zai duba.

Ta fuskar ƙirar kalma akwai abin lura. F. W. Parsons, cikin wata maƙala ta 1955, ya ware wani rukunin sunaye na Hausa masu nuna abin da gaɓoɓi ke ji, irin su zafi, nauyi, ƙarfi, zurfi, kauri, waɗanda ke haifar da siffa ta hanyar ninka gaɓar farko: zazzafa, nannauya, ƙaƙƙarfa, zuzzurfa, kakkaura. Kyau da muni wannan hanya suke bi: kyakkyawa da kyawawa, mummuna da munana, daidai da zazzafa da zafafa. Mai ra'ayin halitta zai yi murna, ya ce ga shi harshen da kansa ya ajiye kyau tare da zafi da nauyi, abubuwan da jiki ke ji ba tare da an koya masa ba. Murnar ba za ta daɗe ba, domin daɗi ma a wannan rukuni yake, ana cewa daddaɗa da daɗaɗa, alhali ba mai musun cewa daɗin daddawa koyonsa ake yi. Baƙon da bai saba da ita ba wari yake ji. Ƙirar kalma tana nuna yadda masu harshe suka ɗauki abu, watau suna jinsa kamar a jikin abin yake. Ba ta nuna daga ina jin ya samo asali.

Ginin jimla ya fi ba da haske. Tana da kyau magana ce kan abin da mutum ke riƙe da shi. Ta yi kyau kuwa labari ne na abin da ya auku: ana faɗa wa amarya bayan lalle da kitso da turare, ana faɗa wa mai jego da ta gama wankan kwana arba'in ta sha kunun kanwa ta murmure, ana faɗa wa wadda ta dawo daga birni ta murje. A bakin mata wannan siga ta biyu ita ce ta yau da kullum. Kyau a nan abu ne mai zuwa da tafiya, mai bin ƙoshi da hutu da kwanciyar rai, kamar yadda gero ke yin kyau in ruwa ya wadata. Hoto ko zane a takarda ba ya iya kama wannan, ga shi kuwa da hoto da zane ake yin yawancin gwaje-gwajen.

Akwai kuma bambancin da masu binciken suka haɗe, Hausa ta raba. Abin da suke aunawa, wanda Faransanci ke kira attirance, ya haɗa kyan sura da jan hankalin mutane. Bahaushe yana kiran na biyun farin jini, ya kuma san cewa kyakkyawa tana iya yin baƙin jini ta rasa mashinshini, wata kuma wadda ba a sa ta cikin kyawawa samari su yi ta layi a ƙofar gidansu. Shi ya sa ake neman maganin farin jini wurin malamai da bokaye, ba a neman maganin dogon hanci. In mutum biyu suka shaƙu da ganin farko, jininsu ne ya haɗu. Namiji kuma kwarjini ake duba masa kafin fuska. Kyan ɗan maciji kuwa shi ne wanda ake kallo daga nesa. Binciken da ya zuba waɗannan duka cikin ƙwarya guda, ya ce a ba su maki, ba zai san wanne ya auna ba.

Ƙugu, ƙiba da rama

Gwajin da ya fi shahara shi ne na Devendra Singh a 1993. Ya zana mata 12, ya kasa su uku bisa nauyin jiki, kowane kashi kuma ya bambanta su da awo guda: kewayen inda tsakiyar jiki ya fi tsukewa, a raba da kewayen mazaunai, daga 0.7 zuwa 1.0. Waɗanda ya nuna wa zanen a Amurka sun fi zaɓen mai matsakaicin nauyi da awon 0.7. Singh ya ce wannan awo alamar lafiya da haihuwa ne, idon namiji kuwa an gina shi ne ya gane shi.

Adalci ya sa a faɗi cewa Hausa tana da shaidar da za ta faranta masa rai. Ƙirar kalangu yabo ne, kalangu kuwa tsukakke ne a tsakiya, buɗaɗɗe a kai da gindi. Jigida ma ba don wani wuri aka yi ta ba. Amma Hausar nan ita ce kuma ke kiran wurare biyun da Singh ya raba da suna ɗaya. Faransanci yana da taille da hanches. Bahaushe yana cewa siririn ƙugu yana nufin na farko, ya ce faffaɗan ƙugu yana nufin na biyu. Mai tambaya da baki zai sha wuya kafin ya san wanne aka amsa masa.

Da aka fitar da zanen Singh daga jami'o'i, sai lissafin ya fara tangaɗi. A 1998 Douglas Yu da Glenn Shepard sun kai shi wurin Matsigenka, mutanen dajin Feru. Mazan ƙauyen da ya fi nisa da birni sun zaɓi masu jiki, ba su fifita tsukakken ƙugu ba, waɗanda suka fi cuɗanya da birni kuwa zaɓinsu ya matso kusa da na Amurkawa. A 1999 Adam Wetsman da Frank Marlowe sun sami Hadza, mafarautan Tanzaniya, suna duba nauyi suna ƙyale awon. Abin da ya fi ban sha'awa ya zo a 2005, sa'ad da Marlowe da abokan aikinsa suka sake zanen ta gefe maimakon ta gaba: sai ga Hadza sun fi Amurkawa son fitowar mazaunai. Ashe zanen farko ya ɓoye wurin da suke kallo. Duk wanda ya san inda ake ɗaura jigida da ya faɗa wa masu binciken haka tun 1993.

A nan ne Yauri take da abin cewa. A ƙasar da rumbu ke iya ƙarewa tun kafin sabon gero ya nuna, inda aikin damina ya fi tsanani daidai lokacin da abinci ya fi ƙaranci, inda kuma ba a manta da yunwar 2005 da ta addabi jihohin Maraɗi da Damagaram ba, jikin mace labari yake bayarwa. In ta yi ƙiba bayan aure, ƴan uwa su ce mijin ya iya kiwo. Zolaya ce, amma yabo ne. In ta rame, tambaya ta tashi: ciwo ne, ko kishiya, ko gidan ba hatsi? Hausa ta raba siririya, wadda haka ƙirarta take, da ramammiya, wadda wani abu ya ci ta. Zanen Singh na marasa nauyi bai san wannan bambanci ba, mai kallo a ƙauye kuwa na biyun zai gani, ya amsa tambayar lafiya alhali tambayar sha'awa aka yi masa.

Masu ra'ayin halitta sun amsa da cewa wannan ma nasu ne: abin da aka gada shi ne neman alamar wadata, alamar kuwa tana sauyawa da wuri. Suna da hujja. A 2006 Viren Swami da Martin Tovée sun gwada ɗalibai maza a Ingila, wasu kafin cin abinci wasu bayansa, masu jin yunwa suka fi karkata ga mata masu jiki. A shekarar kuma Tovée da abokan aikinsa sun nuna cewa Zulu na karkarar Afirka ta Kudu sun fi son masu nauyi, amma waɗanda suka koma Ingila zaɓinsu ya matso kusa da na Ingilishi. Amsar tana da ƙarfi, sai dai tana da tsada: wanda ya yarda da ita ya bar maganar awo ɗaya ga dukan duniya, ya koma kusa da inda Darwin ya tsaya.

Ko wannan amsa ba ta ɗauke kome duka ba. Rebecca Popenoe, cikin littafinta na 2004 kan Larabawan Azawak na arewacin Nijar, ta bayyana yadda ake fara ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun daga faɗuwar haƙoranta na fari, har jiki ya tsattsage da nankarwa, nankarwar kuma ta zama abin yabo. Ta nuna cewa abin ya wuce nuna dukiya: ya shafi yadda suka ɗauki bambancin mace da namiji, da zama wuri ɗaya, da kamun kai, da martabar dangi. Maƙwabtansu Wodaɓe, masu kiwo a ƙasa ɗaya da fari ɗaya, tsawo da siranta da farin ido da farin haƙori suke yabo, a wasan Gerewol kuwa maza ne ke kwalliya mata su zaɓa. Yunwa ɗaya, ma'auni biyu. Rumbu yana bayyana dalilin da ya sa ba a yabon rama a Yauri. Ba ya bayyana dalilin da ya sa ƙibar da ake yabo a Yauri ba ta kai ta Azawak ba.

Inda suke da gaskiya

Masu cewa kome al'ada ne su ma sun yi gaggawa. A 1987 Judith Langlois da abokan aikinta sun nuna wa jarirai ƴan wata biyu zuwa takwas hotunan fuskoki bibbiyu, jariran suka fi daɗewa suna kallon waɗanda manya suka ce sun fi kyau. Jariri ɗan wata uku bai ga fim ba, bai ji zancen kasuwa ba. A 1990 Langlois da Lori Roggman sun haɗa fuskoki da yawa cikin kwamfuta suka fitar da matsakaiciyarsu, aka fi son ta bisa yawancin fuskokin da aka haɗa. Lafiyayyar fata mai sheƙi, da idanu masu haske, da fuskar da ɓangarenta biyu suka daidaita, ba a san al'ummar da ke ƙin su ba, Hausa ma da su take yabo.

Gwajin da ya fi kowane amfani shi ne na Coren Apicella da Anthony Little da Marlowe a 2007. Turawan Ingila sun fi son matsakaiciyar fuska, ta Bature ce ko ta Hadza. Hadza kuwa sun fi son matsakaiciya cikin fuskokin Hadza kaɗai; da aka nuna musu na Turawa, waɗanda ba su saba gani ba, ba su fifita kome ba. Watau ido yana zuwa duniya da dabarar tara fuskoki ya fitar da ma'auni, amma fuskokin da zai tara na unguwarsu ne. Masanin harshe ba baƙo ba ne ga wannan. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariri ɗan wata shida yana rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, kafin ya cika shekara kuwa kunnensa ya tsuke kan na gidansu. Ɗan Bahaushe yana riƙe bambancin b da ɓ, da na k da ƙ, ɗan Bafaranshe ya sake shi. Ba wanda ke tambaya ko jin Hausa halitta ne ko al'ada, don an san kunnen gado ne, Hausar koyo ce. Tambayar kyau an daɗe ana yin ta da siga wadda masana harshe suka bari.

Fure, tsaga da man bilicin

Akwai kuma abubuwan da ba su da wata saiwa a halitta, ana gane su da saurin mutuwarsu. Tsofaffin matan ƙasar Hausa sun tashi suna goge haƙora da furen taba da goro har su rine, jan haƙori shi ne ado. Jikokinsu fari suke nema. Shuni a gashi da ɗigon katambiri a fuska sun bi wannan hanya. Tsaga iri biyu ce, ta gado mai nuna asali da ta kwalliya wadda budurwa ke zuwa wurin wanzami da kanta a yi mata. Duka biyun suna ja da baya, a Nijeriya ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro. Zamani biyu ko uku ba su isa su sauya gadon jini ba. Sun isa su sauya yayi, wani lokaci ma shekara uku ta isa: Anne Becker ta sami cewa a wani yankin tsibirin Fiji, inda ake yabon cikar jiki, ba a sami ɗalibar da ke tayar da amai don rage nauyi ba a 1995, shekarar da talabijin ta iso, amma a 1998 an sami kashi 11 cikin ɗari.

Launin fata shi ne inda abin ya zama na asibiti. Pierre van den Berghe da Peter Frost sun yi da'awa a 1986 cewa al'ummu da yawa sun fi son mace mai ɗan haske bisa sauran matan garinsu, suka danganta haka da cewa mata sun ɗan fi maza haske a kowace al'umma. Ko an karɓi wannan, bai kai ga abin da ake gani a kasuwanni ba. Nina Jablonski da George Chaplin sun nuna a 2000 cewa duhun fata garkuwa ce da jiki ya samu a ƙasashe masu zafin rana. Man bilicin mai haidurokwinon ko kotizon ko zaiba wannan garkuwa yake kankarewa, ya bar fata sirara mai tabo da nankarwa, kotizon ɗin kuma yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Ƙasar Kodebuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a 2015. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda sau da yawa dangin kotizon ne, kumburi suke kawowa a ɗauka ƙiba ce. Sha'awar da ke kai mutum ga lalata alamun lafiyarsa da wuya a ce neman lafiya ne ya gina ta.

Tarihi ya fi dacewa da bayanin, harshe kuwa ya adana sawunsa. Cikin littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun shekarun 1980, da finafinan da suka biyo bayansu, tauraruwa takan zama fara, doguwa, mai dogon hanci da gashi har baya, a kwatanta ta da Bafulatana ko Balarabiya ko Ba'indiya. Kowane kwatanci yana da zamaninsa: sarautar da ta biyo bayan jihadin 1804, fataucin Sahara da aikin hajji, sa'an nan finafinan Indiya da ƴan kasuwar Labanan suka shigo da su silimun Kano. Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, amma kwatancin ya iso Yauri ta mota da rediyo, yanzu kuma ta wayar salula. Tsohuwar Hausa tana da wankan tarwaɗa da baƙi mai sheƙi cikin kalmomin yabo. Kada kuma a ce farin ciki da baƙin ciki sun nuna harshen yana fifita farar fata. Farar ƙafa ba yabo ba ce.

Abin da ya shafi masu tsara littattafai

Kalmar évolution an saba juya ta da juyin halitta. Ga mai shiga ajin yaƙi da jahilci, halitta aikin Mahalicci ce, ita ce kuma surar da mutum ya zo da ita, kamar a ce halittarsa ce haka. In aka tambayi manomin Yauri ko kyau halitta ne ko al'ada, zai ce halitta ne, yana nufin Allah ne ya yi, ya kuma bambanta shi da kwalliya wadda mutum ke yi wa kansa. Mai bincike da ya rubuta wannan amsa a layin Darwin ya yi kuskuren tafintan Mungo Park. Rabon da Hausa ta yi tsakanin halitta da kwalliya ne. Rabon masana tsakanin gado da koyo ne, in za a yi tambayar da waɗannan kalmomi biyu ya kamata a yi ta.

Obésité kuwa in aka juya ta da ƙiba kawai, gargaɗi ya koma albishir, domin ba matar da za ta ji tsoron abin da ake taya ta murna a kansa. Ana bukatar teɓa, ko ƙibar cuta, ko ƙibar da ta wuce kima, tare da bayanin kumburi, tun da yaron da tamowa ta kumbura masa ƙafafu da fuska ana iya ɗauka ya yi jiki. Maigreur ma sai an zaɓa tsakanin siranta da rama, rama ce kuwa ake nufi a darasin abinci.

Zane yana da irin wannan haɗari. Mai zane da ya yi karatu a birni, in aka ce ya zana uwa mai ƙoshin lafiya, hannunsa zai tafi ga siririya mai haske, irin ta allunan talla. Matan da ke zaune kan tabarma a ajin Yauri za su dubi hoton kafin su haɗa baƙaƙen da ke ƙarƙashinsa, su ga matar da mijinta ba ya ciyarwa, sa'an nan malami ya ce musu su yi koyi da abincin da take ci.